Wa Ya Karya Farashin Kiran Waya, Kasuwa ko Hukuma?

Kafin shekarar 2001, Najeriya mai mutane sama da miliyan 100 ba ta da layukan waya masu aiki da suka kai rabin miliyan, kuma kusan dukansu suna hannun NITEL, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985. Mai son a ja masa waya zuwa gida sai ya cike takarda ya zauna zaman jira, wata da watanni. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, mai shayi da makiyayi kowa da tasa a aljihu.

Masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara suna son wannan labari ƙwarai. A wurinsu hujja ce yankakkiya: gwamnati ta riƙe harkar shekara da shekaru ta kasa, da ta janye hannu sai 'yan kasuwa suka yi abin a 'yan shekaru. Akwai gaskiya a maganar, kuma wanda ya taɓa bin layi a ofishin waya don ya gaisa da ɗan'uwansa a Legas ba zai musa ba. Sai dai gwamnati ba janye hannu ta yi ba. Ta daina sayar da kira ne ta koma tsara yadda masu sayarwa za su yi gasa, kuma wannan aiki na biyu shi ya hana sabuwar kasuwar komawa gidan jiya.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a. Farashi ya tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN da Econet suka biya suka fara aiki a watan Agusta, aka ware wa NITEL nasa. Econet ɗin nan shi ne ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya zama Airtel. Farkon lamarin babu daɗi. Layi kaɗai yakan kai Naira 20,000, minti ɗaya Naira 50, kuma ko sallama kawai ka yi ka kashe, kuɗin minti cikakke za a cire. Da jama'a suka nemi a riƙa cajinsu gwargwadon sakan ɗin da suka yi magana, sai aka ce musu lokaci bai yi ba. A watan Agustan 2003 Globacom na Mike Adenuga, wato Glo, ya shigo da cajin sakan-sakan tun ranar farko, ba a jima ba sauran suka bi sahu. Wannan kam aikin gasa ne tsantsa, tsoron rasa ciniki ya yi abin da roƙo bai yi ba.

To amma yaya aka yi Glo ya samu wurin tsayawa? Harkar waya tana da wata ɗabi'a da sayar da shinkafa ba ta da ita. Amfanin layinka yana ga yawan mutanen da za ka iya kira da shi. A ce kamfanonin da suka riga shi sun ƙi karɓar kiran da ya fito daga sabon layi, ko sun ɗora masa kuɗi mai nauyi kafin su sada kiran, wa zai sayi layin da ba ya samun uwarsa da abokan cinikinsa? Da sabon kamfani ya mutu tun kafin a raɗa masa suna, komai arahar kayansa. Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kowane kamfani ya sada kiran abokin hamayyarsa, NCC kuma take ƙayyade abin da wani zai biya wani a kan kowane minti. Babu babban kamfanin da zai yi haka don raɗin kansa, domin buɗe wa kishiya ƙofa ne.

Ko da hakan, manya sun sami wata dabarar. Kiran layi iri ɗaya da araha, kiran wani layin da tsada. A ido rangwame ne ga mai saye, amma a aikace duk wanda 'yan'uwansa suke kan babban layi dole ya koma can, babban ya ƙara girma. Dalilin da ya sa 'yan kasuwa suka riƙa yawo da waya biyu ko uku ke nan, wayoyi masu cin layi biyu kuma suka yi kasuwa. A 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin wanda ya mamaye kasuwar kira, ta umarce shi ya daidaita farashin kiran ciki da na waje. A watan Afrilun shekarar ne kuma aka fara bai wa mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba, don a da tsoron rasa lambar da kowa ya san shi da ita ke ɗaure shi ko da sabis ya lalace.

Wanda yake son ganin inda kasuwa ke dosa idan babu irin wannan birki, sai ya leƙa Amurka ta ƙarni na 19. John D. Rockefeller ya kafa Standard Oil a birnin Cleveland a 1870. Mutum ne mai tsimi da iya lissafi, kananzir ma ya yi sauƙi a zamaninsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma ya ƙulla yarjejeniyar sirri da kamfanonin jirgin ƙasa suna ɗaukar masa kaya a farashin da ba sa ba kowa, har akwai tsarin da za a ba shi kaso daga kuɗin dakon da abokan hamayyarsa suka biya. A 1872, cikin 'yan watanni, ya saye matatu 22 daga cikin 26 da ke gasa da shi a Cleveland. Zuwa wajen 1880 kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a ƙasar yana hannunsa. Ba gwamnati ta ba shi wannan babakere ba, a cikin kasuwa mai 'yanci ya gina shi. Sai da majalisa ta yi dokar Sherman ta hana babakere a 1890, 'yar jarida Ida Tarbell ta tona asirin dabarunsa a rubuce-rubucen da ta fara fitarwa a 1902, sannan Kotun Ƙoli ta raba kamfanin gida 34 a 1911. Exxon da Mobil da Chevron duk daga nan suka fito.

Dalilin a fili yake. Gasa daɗinta ga mai saye ne, ga mai sayarwa kuwa wahala ce, saboda haka duk wanda ya yi nasara a cikinta abu na farko da zai so shi ne ta ƙare. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa babbar kasuwa ba ta rasa Sarkin Kasuwa da mai duba mudu, kuma malamai suka yi hani da ɓoye abinci don a jira tsada.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da hukuma ta taɓa ya gyaru. A ƙarshen 2016 NCC ɗin nan ta sa ƙa'idar mafi ƙarancin farashin data, da hujjar kada manya su karya farashi har ƙanana su durƙushe, daga baya su tsawwala yadda suka ga dama. A takarda hujjar tana da ma'ana. A aljihun talaka kuwa ma'anarta ita ce data za ta yi tsada daga 1 ga Disamba, a tsakiyar matsin tattalin arziki. Jama'a suka yi ca, Majalisar Dattawa ta sa baki, aka dakatar da tsarin ana gobe zai fara. A ganina an yi daidai da aka dakatar, domin kare gasa daban, kare wani kamfani daga gasa daban, kuma hukumomi kan rikita biyun, wani lokaci da gangan.

Siminti ma abin dubawa ne. Tun daga 2002 gwamnati ta taƙaita shigo da shi don a gina masana'antu a gida, kuma an gina su, har ana fitar da shi ƙasashen maƙwabta. Amma kasuwar ta tattara a hannun Dangote da BUA da Lafarge, mai gini kuma ba ya da inda zai gudu idan buhu ya tashi. A nan hannun gwamnati ne ya rage yawan masu gasa. Abin mamaki, duk tsawon wannan lokaci ƙasar ba ta da cikakkiyar dokar hana babakere da ta shafi kowane fanni, sai a farkon 2019 da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da gasa, FCCPC.

Ita kanta harkar wayar ba ta tsira ba. Etisalat da ya shigo a 2008 ya faɗa rikicin bashin bankuna, ya koma 9mobile a 2017, masu amfani da shi suka yi ta raguwa. Glo ma ya ja baya. Yanzu MTN da Airtel su biyu suna riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na layuka. Da faɗuwar Naira da tsadar dizal suka matsa wa kamfanonin, sun nemi a ninka farashi, amma a Janairun 2025 NCC ta tsayar da ƙarin a kan kashi 50 cikin 100. Ƙungiyar ƙwadago ta ce ya yi yawa, kamfanoni suka ce bai kai abin da suka nema ba. A 2003 sabon shiga ne ya tilasta wa manya sauke farashi, a 2025 kuwa babu wani sabon shiga mai irin wannan ƙarfi, sai hukuma ce ta zauna da alƙalami ta yanke adadin.