Cacar Wasanni: Wuƙa Da Nama Na Hannun Jihohi, Saura Lissafi

Ranar 14 ga Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wata dokar tarayya ta 1992 wadda ta hana jihohin ƙasar halatta caca a kan wasanni. Shekara shida bayan haka, ranar 22 ga Nuwamban 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, inda ta ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi sai a Babban Birnin Tarayya, Abuja, sauran kuwa aikin majalisun jihohi ne. Kotunan biyu babu wadda ta ce caca abin kirki ce. Tambayar da suka amsa ita ce wa ke da ikon yanke shawara. Tunda Amurkawa sun riga mu shiga wannan kogi, ya kamata mu dubi inda ruwan ya kai musu kafin mu tsoma ƙafa.

Dokar 1992 ɗin, wadda Sanata Bill Bradley, tsohon ɗan ƙwallon kwando, ya tsaya mata, ta bar Jihar Nebada da cikakkiyar cacarta, ta kuma bar wasu jihohi uku da ɗan abin da ba a rasa ba. Jihar New Jersey ce ta ga an yi mata rashin adalci. Jama'arta suka amince da halattawa a ƙuri'ar raba gardama ta 2011, manyan ƙungiyoyin wasanni suka maka ta a kotu, aka yi ta fafatawa har ta yi nasara. Daga nan sai ƙofa ta buɗe: a yau jihohi fiye da 35 cikin 50 sun halatta.

Masu goyon baya suna da hujjoji, kuma adalci ne a faɗe su. Sun ce ko an hana ko ba a hana ba ana yi a ɓoye, gara a fito da ita fili a san mai yi, a hana yara, a kuma karɓi haraji. Jihar New York, wadda ta fara cacar wayar hannu a Janairun 2022, tana karɓar kashi 51 cikin ɗari na abin da kamfanoni suka samu. Sun kuma ce sa ido yana tona asirin maguɗi, kamar yadda aka kama Jontay Porter na ƙungiyar Toronto Raptors, aka haramta masa wasa a gasar NBA har abada a 2024.

To amma, mai karatu, daga aljihun wa harajin yake fitowa? Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin cacar kansu sun nuna cewa a 2023 Amurkawa sun zuba kusan dala biliyan 120 a cacar wasanni, kamfanoni suka tashi da kimanin dala biliyan 11. Wannan biliyan 11 ba noma ta aka yi ba, ba kuma ƙera ta aka yi a masana'anta ba. Asarar masu bugawa ce aka tattara wuri guda. Ashe kuwa duk gwamnatin da ta jingina kasafinta da wannan haraji ta zama mai fatan talakawanta su yi ta faɗuwa. Wani bincike da malaman jami'o'i biyu na Jihar Kalifoniya suka fitar a 2024 ya gano cewa karayar arziki da nauyin bashi sun ƙaru a jihohin da suka halatta cacar intanet. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin kuwa shi ne gidajen da suka mutu da matasan da suka kamu.

Ba kowace jiha ce ta bi yarima ta sha kiɗa ba. A 2022 masu zaɓe a Kalifoniya, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, sun yi watsi da ƙudurori biyu na halattawa, duk da ɗaruruwan miliyoyin dalolin da aka kashe wajen yaƙin neman ra'ayinsu. Jihohin Yuta da Hawai kuwa har yau ba su yarda da caca ba.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake fara cin wannan yaƙi a baki kafin a kai shi majalisa. A Turanci kamfanonin sun fi son kalmar da ke nufin wasa a kan wadda ke nufin caca, suna kuma tallar wai akwai bugun farko na kyauta wanda babu asara a cikinsa, har sai da Jihar Ohayo ta hana irin wannan lafazi, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. A Hausa kalmar caca tana da ɗaci. Ɗan caca ba a ba shi ajiya, ba a kuma ba shi aure da daɗin rai. Shi ya sa saurayin da zai ji kunyar a gan shi zaune kan tabarmar karta ba ya jin komai ya ce ya "saka wasa" a wayarsa, yana ganin sanin ƙwallon Ingila da Sifen ilimi ne da zai ci da shi. Sauya wa tuwo suna bai hana shi zama tuwo ba. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90, bai kuma keɓe wadda ake yi da waya ba.

Darasi na gaba shi ne na iyaka. Kafin 2022 'yan New York kan ƙetara zuwa New Jersey su buga su dawo, saboda doka ta tilasta wa kowace manhaja ta tantance inda mai wayar yake tsaye kafin ta karɓi kuɗinsa. Wato a can iyakar jiha tana aiki har cikin waya. A nan fa? Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca a 2024, kuma ta yi abin da dokar jihar ta ɗora mata. Sai dai wanda aka rufe wa shago a Fagge yana iya komawa ɗakinsa ya buɗe manhajar kamfanin da ke da lasisin wata jiha. An toshe ƙofa ke nan an bar taga.

Saboda haka ina kira ga majalisun jihohinmu da kada su bar wannan iko ya kwanta. Jihar da ta zaɓi hanawa, kamar yadda ake sa ran jihohin da ke bin Shari'a za su yi, ta rubuta doka bayyananniya wadda ta ambaci cacar intanet da sunanta, ta hana tallarta a rediyo da allunan titi, ta kuma nemi haɗin kan Babban Banki da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, tunda bankuna da layukan waya a hannun tarayya suke, domin a tilasta wa kamfanoni tantance wuri. Jihar da ta zaɓi halattawa kuwa, ta tsare yara 'yan ƙasa da shekara 18, ta ware wani kaso na harajin domin jinyar waɗanda suka kamu, ta kuma riƙa bayyana wa jama'a duk shekara nawa suka yi asara, ba nawa gwamnati ta samu kaɗai ba.

Kotu ta yi nata. Saura 'yan majalisa su zauna a bainar jama'a, su ji ta bakin malamai da likitoci da iyaye, kafin masu kamfani su riga su zuwa ofis. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.