Ko Kun Sani? 'Yan Mitsitsin Zarurruka Masu Riƙe Linzamin Huhu

Ko kun san cewa tsananin cutar korona a huhu bai rataya ga ƙwayar cutar kaɗai ba? Akwai wasu 'yan mitsitsin zarurruka da jikinmu ke ƙerawa, ana ce musu microRNA, su ma suna da hannu a ciki. Tsawon kowanne kimanin haruffan gado 22 ne, alhali na ƙwayar korona, wato SARS-CoV-2, ya kusa 30,000. Ba sa ƙera furotin. Aikinsu shi ne su liƙe wa saƙon da ƙwayoyin gado suka aika, su hana shi aiki.

Abin da ke jefa majinyaci cikin haɗari sau da yawa shi ne garkuwar jiki ta wuce gona da iri, huhu ya kumbura, ruwa ya taru a cikin 'yan jakunkunan iska, numfashi ya gagara. A nan ne wani microRNA mai suna miR-155 ke rura wutar kumburin, wani kuwa mai suna miR-146a ja masa linzami yake yi. Shi ya sa masana suka duƙufa wajen auna su a jinin masu cutar, da fatan gane wanda jikinsa zai tsananta tun da wuri. Wannan, a ganina, bincike ne da ya cancanci a zuba masa kuɗi.

Abin mamaki, a jikin wata 'yar tsutsa aka fara gano microRNA a 1993. Aikin ne ya sa Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka suka ci kyautar Nobel a 2024.