Alaba Rago: Wa ke da hannu idan za a karya hagu a mararrabar da babu danja?

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, tireloli maƙare da raguna daga kasuwannin Arewa kan yi jerin gwano a kan titin Legas zuwa Badagry, suna neman shiga Alaba Rago da ke Ƙaramar Hukumar Ojo. A layukan da ke kewaye da kasuwar, waɗannan manyan motoci na haɗuwa da danfo da Keke Napep da 'yan acaba da masu tura baro, galibi a mararrabar da babu danja, babu allo, babu fenti a ƙasa, babu kuma jami'in da ke ba da hannu. A irin wannan wuri tambaya guda ce ke maimaituwa daga safe har dare: idan wani zai karya hagu, wani kuma ya taho daga gabansa zai miƙe, wa zai dakata?

A ƙa'idar tuƙi amsar ba ta da sarƙaƙiya. Mai karya hagu shi ne na ƙarshe a layi. Zai jira motar da ta taho daga gabansa za ta miƙe, ya jira wadda za ta karya dama, ya kuma kula da mai tafiya a ƙasa da ke tsallaka layin da yake shirin shiga. Idan kuma daga ƙaramin layi ya fito, sai ya ƙara da jiran duk wanda ke kan babban titi. Sigina sanarwa ce kawai ta abin da yake niyyar yi, ba ta ba shi iko a kan hanyar wani.

Asalin wannan tsari na komawa ne ga ranar 2 ga Afrilun 1972, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, sa'ad da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama, domin ta daidaita da maƙwabtanta rainon Faransa. Tun daga ranar kwanar hagu ta zama mai yanke hanyar masu tahowa, wato aikin da kwanar dama ke yi a da. Masu tsara tituna sun lissafa cewa a mararraba mai hanyoyi huɗu akwai wurare 32 da motoci biyu za su iya cin karo, 16 daga ciki na giciye ne, kuma mafi yawan waɗannan sun shafi mai karya hagu. A shataletale adadin kan ragu zuwa takwas, babu na giciye ko ɗaya. A Amurka ma kamfanin kai saƙo na UPS ya daɗe yana tsara wa direbobinsa hanya ta yadda za su riƙa kauce wa kwanar hagu.

Inda ruɗani ke shigowa shi ne a hanyoyi biyu masu girma ɗaya. Direban Najeriya ya haddace cewa a shataletale ana ba wanda ke hagu hanya, kuma da yawa sun ɗauki wannan doka sun shimfiɗa ta a kan kowace mahaɗa. Ita kuwa Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa, wadda Najeriya ta shiga a 2018, ta tanadi cewa a ƙasashen da ake tuƙi a dama, idan babu alamar da ta fifita wata hanya, wanda ya taho daga dama ake ba hanya. A kan wannan aka horar da direbobin Jamhuriyar Benin da na Nijar, ga shi kuma titin da ya ratsa gaban Alaba Rago shi ne ke kaiwa iyakar Seme. Saboda haka ba abin mamaki ba ne direbobi biyu su haɗu a tsakiyar mararraba, kowa na da yaƙinin cewa shi ke da gaskiya. Sai dai game da mai karya hagu da wanda ya taho daga gabansa babu wani saɓani: da zarar ya juya kan motarsa, mai tahowar ya koma damansa, yarjejeniyar ma ta fito fili ta ce ya bar shi ya wuce.

Wannan ke nan a takarda. A bakin kasuwa kuwa wata doka ce daban ke aiki, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: babba ya wuce, ƙarami ya taka burki. Direban tirela kan tura kan motarsa sannu a hankali har ya toshe hanya, yaron mota ya diro ya ɗaga hannu ya tsayar da jama'a. Direban danfo kan kutsa da hon. Ɗan acaba kuma ya bi ta gefen tirelar, ta inda direban ba ya ganin sa a madubi. Hasken fitila ma ba shi da fassara ɗaya, domin wani na nufin ya ba da hanya, wani kuma gargaɗi yake yi cewa ba zai tsaya ba.

A yi wa direban tirela adalci, yana da hujjarsa. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a na cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, wato mita 100 cikin daƙiƙa shida. Tirelar da ta tashi daga tsaye da lodi na buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba kafin wutsiyarta ta fice daga hanyar masu tahowa. Idan zai jira sararin da ya ishe shi a titin da ba ya rabuwa da motoci, yana iya shafe tsawon lokaci, dabbobi na galabaita a rana, na bayansa na zagi. Amma wannan hujja ce ta neman a kafa danja ko a ajiye mai ba da hannu. Ranar da aka yi karo, dokar da ke rubuce ita za a ɗauko, kuma tambayar farko da mai bincike zai yi ita ce wa ya yanke hanyar wani.

Nan ne maganar ke taɓa aljihu. Tun daga Janairun 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshorar mota mai zaman kanta daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma kai diyyar ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan uku. Wannan inshora wanda aka yi wa ɓarna take biya. Mai karya hagun da aka ɗora wa laifi shi zai gyara tasa motar da kuɗinsa, idan kuma takardar bogi yake riƙe da ita, ya gyara duka biyun. Wanda ya ga nisan wurin juyawa a babban titi ya zaɓi yankewa ta hannun da ba nasa ba, ya faɗa laifin da dokar sufuri ta Jihar Legas ta 2018 ta tanadar wa hukuncin ƙwace abin hawa. A Satumban 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci fiye da 130 da aka ƙwace bisa karya dokokin hanya.

Ga Hausawan Legas akwai abin da ya fi kuɗi. A Maris ɗin 2016 rikicin da ya ɓarke a yankin Mile 12, wanda ya ci rayuka ya kuma sa gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar, jaridu sun ruwaito cewa ya samo asali ne daga ɗan acaba da ya buge wata mata. A unguwar da baƙi da 'yan gari ke zaune kafaɗa da kafaɗa, ƙaramin haɗari kan rikiɗe ya koma maganar ƙabila kafin jami'an tsaro su iso. Alaba Rago kuwa ta shiga zaman ɗar-ɗar bayan wa'adin kwana 14 na tashi da gwamnatin jihar ta ba mazauna wurin a Mayun 2022.

Abin da ya kamata ya ja hankalin ma'aikatan tarayya shi ne yadda alhakin ya rarrabu. Titin Badagry na Gwamnatin Tarayya ne, amma Jihar Legas ce ta fara aikin faɗaɗa shi zuwa layi goma tun 2009, zamanin Babatunde Fashola, tare da layin dogo a tsakiya. Jirgin ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a Satumban 2023, kashi na biyu kuma zai kai Okokomaiko. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke da littafin ƙa'idojin hanya da tsarin lasisi. LASTMA, da aka kafa a 2000, ita ke ba da hannu a titunan jihar. Layukan cikin unguwa kuma na ƙaramar hukuma ne. Allon da zai ce wa mai fitowa daga layi ya dakata, da farin fentin da zai nuna masa inda zai tsaya, ba su kai kuɗin mita guda na gadar sama ba, sai dai su ne ba a cika ganin an ƙaddamar da su da almakashi da kyamara ba.

Har ila yau, yawancin masu bin waɗannan layuka a kan babur ko keke a hannun ɗan'uwa ko maigida suka koyi tuƙi, kuma Hausa ce harshen da suka fi ji. Wuraren da za a same su a tattare sanannu ne: tashoshinsu, ofisoshin ƙungiyoyinsu, fadar Sarkin Hausawa da masallatan Juma'a na Ojo da Agege da Idi-Araba. Bayanin da suke buƙata kuma bai wuce jimla uku ba, ana iya karanta shi cikin minti guda bayan an sallame sallah.