Awa 1,500 kafin a zauna a kujerar dama: Yadda kamfanin Delta ke ɗaukar matuƙan jirgi

A watan Janairun 2022, kamfanin jiragen sama na Delta, wanda hedikwatarsa ke birnin Atlanta na Amurka, kuma jiragensa ke sauka a Legas tun 2007, ya sanar da cewa digirin jami'a ya daina zama wajibi ga mai neman aikin tuƙi a wurinsa. Ana so, amma ba dole ba ne. Ma'aikacin gwamnati da ya saba ganin takardar makaranta ce ke yanke matakin da za a ajiye mutum zai iya ɗauka an buɗe ƙofa ga kowa. Sai dai takardar da ta fi nauyi a wannan sana'a ba jami'a ke bayar da ita ba. Ɗan littafi ne da matuƙi ke rubuta kowace awa da ya yi a sararin sama.

Delta na neman wanda ya cika shekara 23, yana da izinin yin aiki a Amurka, likitan da hukuma ta amince da shi ya ba shi shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, sannan ya tara awa 1,500 yana tuƙi. Wannan adadi ba kamfanin ne ya ƙirƙiro shi ba, doka ce ta ƙasa, kuma hatsari ne ya haife ta.

Ranar 12 ga Fabrairun 2009, wani jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗo kan gida kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya gano cewa kyaftin ɗin ya yi kuskure a lokacin da gudun jirgin ya ragu har ya kusa daina ɗaukar kansa. Iyalan mamatan suka yi ta zarya zuwa majalisar dokoki har ta kafa doka a 2010, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, ta fara aiki da sabon sharaɗin a 2013. Kafin nan, awa 250 sun isa mutum ya zauna a kujerar dama ta mataimakin matuƙi. An yi sassauci kaɗan: awa 750 ga tsofaffin matuƙan soja, 1,000 ga masu digiri a fannin jiragen sama daga jami'o'in da aka amince da su. Abin lura, matuƙan jirgin Colgan su biyun kowannensu ya haura awa 1,500. Shi ya sa har yau ake jayayya kan ko yawan awa ne ke samar da gwani, ko ingancin horo.

Tsakanin 250 da 1,500 ɗin nan ne wahalar take. Wanda ya gama makaranta da lasisin tuƙin kasuwanci yakan koma koyar da sababbin ɗalibai a ƙananan jirage, da ɗan albashi, galibi da bashin karatu a wuyansa. In awanninsa sun cika, sai ya shiga ƙananan kamfanonin da ke jigila tsakanin garuruwa, irin su Endeavor Air, mallakar Delta. Daga can ne yake miƙa takarda ga babban kamfani, a yi masa jarrabawa, a zaunar da shi gaban kwamiti.

Wanda ya dace, ranar da aka ɗauke shi ake ba shi lambar jeri, kuma a nan ne ma'aikatan sakatariya za su ga abin da suka sani. Wannan lamba ce ke yanke irin jirgin da zai tuƙa, da garin da zai zauna, da ranakun hutunsa, da lokacin da zai koma kujerar hagu ya zama kyaftin. Bambancin kawai, babu sauyin ma'aikata da mutum zai tafi da matakinsa. Kyaftin mai shekara ashirin a wani kamfani, in ya koma Delta, daga ƙasan jeri zai fara. Ritaya kuma a shekara 65 ce, ba 60 ba kamar yawancin ma'aikatan tarayya a nan gida, in har lafiya ta bari: wanda ya kai shekara 40, duk bayan wata shida sai ya koma gaban likita.

A Najeriya, matsalar iri ɗaya ce amma a wani wuri ta tsaya. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da takwararta ta Ilori suna yaye masu lasisin kasuwanci, hukumar NCAA ke ba da lasisin. Doka ba ta ce sai mataimakin matuƙi ya tara awa 1,500 ba. Kyaftin ne ke buƙatar babban lasisin. Amma kamfani ba zai ɗora mutum a Boeing 737 ko Embraer ba sai yana da shaidar ƙwarewa a kan wannan nau'in jirgi takamaimai, horon da ake yi a na'urar kwaikwayon jirgi, sau da yawa a ƙasar waje, da dala.

Jihar Kano ta ɗanɗana wannan. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi, suka dawo da lasisi, amma da dama daga cikinsu sun daɗe a gida ba su samu jirgin da za su tuƙa ba. Lasisi kuwa ba digiri ba ne da za a ajiye a akwati. Shaidar lafiya na ƙarewa, ƙwarewa ma sai an sabunta ta, kowanne da kuɗinsa.

Don haka hadimin da takardar neman tallafin karatun tuƙi ta iso teburinsa, ko mahaifin da ke shirin sayar da fili saboda ɗansa, akwai abin da ya kamata ya duba kafin sa hannu: shin kuɗin da aka rubuta na lasisi ne kawai, ko har da horon nau'in jirgi? Kuma wane kamfani ne ya yi alkawarin karɓar yaron in ya gama?