Ko Kun Sani? Ƙwayar Halitta Tana Jin Taurin Mazauninta

Taurin wurin da ƙwayar halitta ta zauna yana iya yanke abin da za ta zama. A 2006, masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun ɗebo ƙwayoyin asali, wato waɗanda za su iya rikiɗa su zama ƙwayoyi iri-iri, daga ɓargon mutum, suka raine su a kan shimfiɗu masu tauri daban-daban. Na kan shimfiɗa mai laushin ƙwaƙwalwa suka soma kama da ƙwayoyin jijiya, na kan matsakaiciya suka nufi tsoka, na kan mai tauri kuwa ƙashi. Dalili kuwa, ƙwayar takan ja abin da ke ƙarƙashinta ta ji yadda yake turjewa. Abin damuwar shi ne, kullutun sankarar mama ya fi naman kewayensa tauri, kuma taurin nan yana taimaka wa cutar yaɗuwa.