Saƙa Raga Domin Gwajin Gudun Ruwa Cikin Dogon Bututu

Garin Malumfashi yana shan ruwan famfo ne daga madatsar da ke kusa da shi, kamar yadda Funtuwa ta daɗe tana dogara da madatsar Mairuwa. Tsakanin madatsa da gari akwai dogon bututu, kuma kafin a binne shi wajibi ne injiniya ya san yawan ƙarfin da ruwa zai rasa a hanya saboda gogayya da bangon bututun. In ya yi kuskure, ko dai a sayo injin tura ruwa wanda ya gaza, unguwannin kan tudu su kwana da ƙishi, ko kuwa a sayo wanda ya wuce kima, dukiyar jama'a ta ƙare wajen mai da lantarki.

Ƙa'idojin gudun ruwa sun samu ne daga Navier, mutumin Faransa, a 1822, da Stokes na Jami'ar Kambirij a 1845. Amma lissafinsu ba ya warwaruwa da alƙalami sai a wurare kaɗan. Saboda haka a yau akan miƙa wa kwamfuta aikin, ta hanyar manhajoji irin su OpenFOAM da Fluent. Ita kuwa kwamfuta sai an yanyanka mata cikin bututun ƙanana-ƙanana, tamkar idanun komar masunci, sa'an nan ta lissafa saurin ruwa da ƙarfinsa a kowane ido. Wannan shi ake kira raga, kuma wajen saƙa ta ne ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Matsala ta farko ita ce yawan idanu. Alal misali, a ɗauki bututu mai faɗin santimita 30 da tsawon kilomita 5. In an yi kowane ido santimita ɗaya ta ko'ina, fuskar bututun za ta ci ido wajen 700, tsawonsa kuma ya ci layi 500,000, wato ido miliyan 350 ke nan. Kwamfutar ofis ba ta ɗaukar wannan kaya. Maganinsa shi ne a saƙa fuskar bututun kaɗai, da murabba'i a tsakiya da zobba kewaye da shi, sa'an nan a ja ta bisa tsawonsa, kamar yadda taliya ke fitowa daga injin murji. Da yake a miƙaƙƙen wuri ruwa ba ya sauya hali sosai, ana iya tsawaita kowane ido zuwa santimita 20, adadin ya sauko miliyan 17 da rabi. Sai dai a kwana da mahaɗa da bawul dole a gajarta idanun sannu a hankali, domin a nan ne ruwa ke juyi.

Ta biyu ita ce bango. Reynolds ya nuna a Manchesta a 1883 cewa ruwa yakan bar tafiya a natse ya shiga hargitsi idan wata lamba, wadda yanzu ake kira da sunansa, ta haura kimanin 2,300. A bututun misalin nan, in ruwa na tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, lambar ta kai wajen 300,000. Prandtl na Jamus kuma ya bayyana a 1904 cewa gogayya tana taruwa ne cikin wani siririn sashe da ke manne da bango. Ragar da ba ta da siraran layuka a nan ba za ta faɗi gaskiyar ƙarfin da aka rasa ba.

Ta uku ita ce zanen kansa. Sau da yawa manhaja takan ƙi saƙa raga sam, alhali laifin ɗan tsagi ne na milimita guda tsakanin guntaye biyu, ko kuwa an yi zane da milimita ita kuma ta karanta da mita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. A duba awo tukuna, a raba zanen gida-gida, a saƙa kowane daban, har a gano inda ya ɓaci.

Bayan raga ta saƙu, ba a gaskata ta sai an ƙara mata sauƙa sau biyu ko uku an ga amsa ta daina sauyawa, an kuma gwada amsar da lissafin Darcy da Weisbach da jadawalin Moody na 1944.

Abin lura na ƙarshe shi ne, ba kowane bututu ne ke bukatar raga tun daga kai har wutsiya ba. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, tsawonsa kilomita 614 ne. Irin wannan lissafin layi ɗaya ake yi masa. Ga ruwan gari kuwa akwai EPANET, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar kyauta a 1993. Raga ta kwana ce da bawul da bakin inji.

Don haka ma'aikacin da aka ajiye wa rahoto mai hotuna masu launi a kan teburinsa, ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu: ido nawa ne a ragar, an ƙara yawansu amsa ta tsaya, kuma ta yi daidai da lissafin hannu?