CIWON SUGA, HAWAN JINI DA RAUNIN JI: ABIN DA YA KAMATA MAI CIKI DA IYALINTA SU SANI

A yawancin gidajenmu, musamman a Dundaye da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Wamakko, mai ciki ba ita kaɗai take ɗaukar nauyin cikinta ba. Inna ko Gwaggo ko uwar miji ce ke rako ta awo, ita ce ke karɓar bayanin magani, kuma ita ce za ta zauna da ita har a yi arba'in. To, sau da yawa mu ungozoma mukan lura cewa sai mun maimaita magana sau biyu ko uku kafin dattijuwar ta fahimta. Idan aka tambaya, sai 'yan gida su ce ai tsufa ne. Gaskiya ne shekaru na rage ji, amma ba su kaɗai ba ne. Ciwon suga, hawan jini, ƙiba da yawan kitse a jini duk suna da hannu a cikin wannan matsala, kuma waɗannan abubuwa ne da ake iya aunawa a kuma yi maganinsu.

YADDA KUNNE KE AIKI

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu 'yan gasu kimanin 15,000, waɗanda ke karɓar sauti su miƙa wa jijiyar ji, ita kuma ta kai shi ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyi suna rayuwa ne da jinin da wasu siraran hanyoyin jini ke kawo musu. Idan suga ya daɗe yana da yawa a jini, yakan lalata waɗannan hanyoyi da ita kanta jijiyar, kamar yadda yake lalata na ido da ƙoda da tafin ƙafa. Haka nan hawan jini da kitse kan sa hanyoyin su taurare su tsuke. Abin lura a nan shi ne, idan ƙwayoyin nan suka mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa ake cewa rigakafi ya fi magani.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A shekarar 2008 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka kan mutane sama da 5,000 masu shekara 20 zuwa 69. An gano cewa raunin ji ya ninka kusan sau biyu a tsakanin masu ciwon suga idan aka kwatanta da waɗanda ba su da shi. Hatta waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba, sun fi masu lafiya da kimanin kashi 30 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a rahoton da ta fitar a 2021, ta ce mutane miliyan 430 ne a duniya ke da raunin jin da ke buƙatar taimako. Hukumar ta kuma ce fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 yana da irin wannan rauni.

A nan gida, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna suga a jinin jama'a. A sakamakon da aka buga a 2011 an sami masu ciwon suga kashi 4.6 cikin 100 a cikin garin Sakkwato, amma a wanda aka buga a 2013 an sami kashi 0.8 kawai a tsakanin Fulanin karkara. Bambancin yana da alaƙa da yanayin rayuwa: zama wuri ɗaya, hawa babur maimakon tafiya a ƙasa, lemun kwalba da shayi mai suga da yawa. Dundaye, wadda ke maƙwabtaka da mazaunin jami'a na dindindin, rayuwar birni tana ƙara shigar ta, don haka wannan gargaɗi ya shafe ta kai tsaye.

INA RUWAN MAI CIKI?

Ciki yakan tona abin da ke ɓoye a jiki. Wasu matan kan kamu da ciwon suga na lokacin ciki, wanda aka fi auna shi tsakanin mako na 24 zuwa na 28. Yakan tafi bayan haihuwa, amma kusan rabin matan da suka yi shi sukan kamu da ciwon suga na dindindin daga baya. Haka nan wadda jininta ya hau a lokacin ciki, ko ta yi jijjiga, ta fi sauran mata haɗarin hawan jini a shekarun gaba. Ke nan abin da aka rubuta a katin awonki yau yana iya nuna halin da kunnenki zai shiga idan kin kai shekara hamsin.

Saboda haka, idan an taɓa ce miki suganki ya hau da ciki, ko kin haifi jaririn da ya wuce kilo 4, ki dawo a sake auna ki tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan ki riƙa maimaitawa lokaci-lokaci kamar yadda likita ya tsara. Kada ki jefar da katin, ki adana shi. A lokacin jego kuma a yi hattara da kunun kanwa, domin kanwa tana da sinadari irin na gishiri mai tara ruwa a jiki, ya hau da jini, ya wahalar da zuciya.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU A GIDA

Raunin jin da muke magana a kai yana shigowa ne a hankali, ba tare da ciwo ba, kuma yawanci a kunne biyu. Siririn sauti shi ke fara ɓacewa, shi ya sa muryar mata da ta yara ta fi wuyar ji. Ku lura idan Baba ko Inna:

1. Suna yawan cewa a maimaita magana.
2. Suna ƙure ƙarar rediyo har ta dami 'yan gida.
3. Suna jin ana magana amma ba su fahimta, musamman a taron suna ko biki.
4. Suna kukan jin ƙara ko shuu a kunne.
5. Sun daina zama wurin hira, ko sun fara saurin fushi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake jego. Kakar da ba ta ji sosai tana iya jin an ce a ba jariri magani sau biyu ta ɗauka sau huɗu ne, ko mai jego ta kira ta da dare jini na zuba ba ta ji ba. Ga dattijon kansa kuma, raunin ji kan kawo kaɗaici, kuma wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya sanya shi a 2020 cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa waɗanda ake iya magancewa.

ABIN DA ZA A YI

A auna hawan jini da suga. Jinin da ke kai 140 bisa 90 ko sama a kai a kai, ko sugan da ya kai 126 kafin karin kumallo a ma'aunin miligiram, yana buƙatar ganin likita. A auna faɗin ciki da tef ɗin tela daidai cibiya: idan ya kai santimita 80 ga macen da ba ta da ciki, ko 94 ga namiji, to kitse ya fara yawa.

A rage gishiri, kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini ga mutum, har da na cikin dunƙulen miya. A rage zuba suga a fura da koko. A yawaita wake, zogale, rama, kuɓewa da miyar kuka, a kuma yi tafiyar ƙafa ta minti 30 aƙalla kwana biyar a mako. Wanda aka ɗora kan maganin suga ko na hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi.

A guji karɓar allura a kemis ba tare da takardar likita ba. Magunguna irin su jentamaisin, sitiraftomaisin da kwinin suna iya taɓa kunne, balle ga wanda ƙodarsa ta yi rauni. A nisanci daɗewa kusa da injin niƙa, janareta da lasifikar biki.

Kada a sosa kunne da tsinke, ashana ko gashin kaza, kada kuma a ɗiga masa mai ko wani haɗi na gargajiya. Dattijo mai ciwon suga da kunnensa ke ciwo mai tsanani, musamman da dare, yana kuma zubar da ruwa, a kawo shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin cutar tana iya shiga ƙashi. Haka nan wanda kunnensa ya toshe farat ɗaya, a kawo shi a ranar, kada a jira.

A sashen kunne, hanci da maƙogwaro za a duba ko datti ne kawai ya toshe kunnen, wanda cire shi ba wuya. Idan kuwa jijiya ce ta yi rauni, akwai na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a kunne, kuma babu abin kunya a cikinta, kamar tabarau take. Akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Idan za ku yi magana da dattijo mai raunin ji, ku fuskance shi, ku yi a hankali, kada ku yi masa tsawa, kada ku bar yara su yi masa dariya. Maigida kuma ya sani cewa kuɗin gwajin suga bai kai wahalar jinyarsa ba. Ranar awo ta gaba, ki zo da Inna a auna ku tare.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya ba iyayenmu tsawon rai mai amfani, amin.